Yadda Ake Jan Mota Da Kayan Haya A Amurka

Mutum yana zaune a Shikago ya samu aiki a Atlanta. Ga kayan ɗaki, ga mota, direba kuma shi kaɗai ne, tafiyar ta haura mil 700. Ko kuma ya sayi mota a gwanjo a wata jiha, babu lamba, babu inshora. A gida in irin wannan ta taso, igiya ake nema ko sarƙa, a sa wani ya riƙe sitiyarin ta baya, a lallaɓa har gareji. Gudun da ake yi a manyan hanyoyin Amurka da nisan tafiyar sun fi ƙarfin igiya. Abin da ake yi shi ne a hayi kayan ja na kwana ɗaya ko biyu, a ɗaura a bayan babbar motar kaya ko a-kori-kura, in an isa a mayar a reshen kamfanin da ke sabon garin.

Kamfanoni uku aka fi sani da wannan: U-Haul, Penske da Budget. Penske da Budget suna ba da kayan jan ne tare da motar kayansu. U-Haul kuwa yana ba ka ka ɗaura a taka motar, muddin ta cika sharuɗɗansa. Aikin ba shi da wuya, amma akasarin ɓarnar da ake yi tun kafin a tayar da inji ake shirya ta, wajen zaɓen kayan da lissafin nauyi.

Doli ko tirela

Kayan iri biyu ne. Na farko ita ce doli, 'yar ƙaramar tirela mai taya biyu wadda ake ɗora tayoyin gaban mota a kanta, na baya su ci gaba da birgima a kan kwalta. Na biyu cikakkiyar tirela ce mai taya huɗu, mota ta hau gaba ɗaya, babu tayarta ko ɗaya da ke taɓa ƙasa. Doli ta fi araha kuma ta fi sauƙin nauyi. Amma ba aljihunka ne zai zaɓa maka ba, motar da za a ja ce za ta zaɓa.

Tambayar ita ce: waɗanne tayoyi inji ke juyawa? Idan na gaba ne kaɗai, kamar yawancin Corolla, Camry, Civic da Accord, doli ta wadatar, domin tayoyin da ke haɗe da giyabos suna sama a ɗaure, na baya kuwa babu abin da suke juyawa sai kansu.

Idan na baya ne, kamar Mustang, Charger, yawancin Marsandi da BMW da motocin a-kori-kura, to akwai matsala. Tayoyin baya na birgima, suna juya farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji baya, ita kuma tana juya cikin giyabos. A mota otomatik, famfon da ke zagaya man giya da inji yake aiki. Inji a kashe, famfo a tsaye, ƙarafuna suna ta gogar juna a bushe mil bayan mil. Sa giya a firi ba ya magance wannan. Mafita ita ce makaniki ya kwance farfelar daga baya ya ɗaure ta sama, ko kuma a ɗauki cikakkiyar tirela a huta. Wasu kan ce ai sai a juya motar, a ɗora bayanta a kan doli. Kada ka yi. Tayoyin gaba an saita su ne su bi hanya idan ana tafiya gaba, in aka ja su da baya da gudu sai su fara lilo, kuma kamfanonin haya sun hana.

Motar da tayoyinta huɗu ke ja, wadda za ka ga an rubuta AWD ko 4WD a bayanta, tirela kawai. Kusan duk Subaru haka suke, kuma akwai RAV4 da CR-V da ma Camry masu irin wannan tsarin, saboda haka kada ka dogara da sunan motar, ka duba takardunta. A doli tayoyin gaba suna tsaye cik, na baya suna gudun mil 55, abin da ke raba ƙarfi tsakaninsu ba zai jure ba. Motocin lantarki da yawa ma haka: tayar da ke haɗe da injin lantarki in ta juya tana haifar da wuta, wutar kuma tana iya ƙona kayan ciki. Littafin Tesla ya ce a ɗauki motar tayoyi duka a sama. Littafin kowace mota yana da shafin da ya yi maganar ja, minti biyar ya ishe ka karanta shi.

Akwai wasu dalilan da ke sa mu fi son tirela ko da motar ta dace da doli. Tirela tana da birkinta, dolin haya galibi ba ta da shi. Ana iya yin ribas da tirela, ba a yi da doli. Sannan motar da ba ta da rajista, wasu jihohi suna ɗaukar ta a matsayin wadda ke kan hanya muddin tayoyinta na taɓa kwalta. Tafiyar da ta wuce ta yini guda, in motar da za ta ja tana da ƙarfi, ƙarin kuɗin tirela bai kai kwanciyar hankalin da take bayarwa ba.

Lissafin nauyi

Amurkawa da fam suke awo, fam ɗaya kuma bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Dolin U-Haul ita kanta fam 750 ce, kusan kilo 340. Tirelarsu ta ɗaukar mota fam 2,210 ce, wato tan guda, kuma iyakar abin da za ta ɗauka fam 5,290, kusan kilo 2,400.

Ɗauki misali. Camry tana wajen fam 3,400. Highlander mai silinda shida da aka shirya don ja, iyakarta fam 5,000. Camry da doli sun tashi 4,150, ta shiga. Camry da tirela sun tashi 5,610, ta haura da fam 610. Ga shi mota ɗaya ce, mai ja ɗaya ce, amma ɗaya ya halatta, ɗaya bai halatta ba. Yawancin RAV4 kuwa fam 1,500 ne iyakarsu, ko tirelar babu komai a kanta ta fi ƙarfinsu. Ganin ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela a kai, a bayan mota ba shaida ba ce cewa za ta iya.

Lambobi huɗu za ka nemo, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakarka. Ta farko, ƙarfin jan motar, yana cikin littafinta. Ta biyu, ƙarfin ƙarfen da aka ɗaure a ƙarƙashin bayan motar, akwai takarda manne a jikinsa. Aji na ɗaya fam 2,000 ne, aji na biyu 3,500, duka biyun ba su isa tirelar mota ba, aji na uku mai rami inci 2 ake bukata zuwa sama. Ta uku, ƙarfin sandar da ke shiga ramin. Ta huɗu, ƙarfin ƙwallon kansa, an buga shi a samansa tare da girmansa. Mota mai jan fam 9,000 da ƙwallon fam 3,500, fam 3,500 take ja.

Akwai kuma nauyin da wuyan tirela ke dannawa a kan ƙwallon. Daidai shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da lodinta. Tirelar da ta tashi fam 5,600 za ta danna bayan motarka da fam 560 ko fiye, kamar manyan mutane uku sun zauna a kan bamba. Wannan nauyin daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi, adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. In ka cika mota da iyali da akwatuna sannan ka ɗaura tirela, bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, fitilu su koma haska sama.

Sannan dole motar gaba ta fi ta baya nauyi. Ƙaramar mota tana iya jan babba a miƙaƙƙiyar hanya, tsayar da ita ne ba za ta iya ba. Shafin kamfanin haya yana tambayar shekara da samfurin motocin biyu kafin ya amince. Ka faɗi gaskiya a wurin. Wanda ya rubuta wata mota daban don a ba shi kaya, ranar da aka yi hatsari inshorar da ya saya ba lallai ta tsaya masa ba. Tun da an zo maganar inshora, kira kamfaninka ka tambaye su abu biyu a rarrabe: tirelar haya, da motar da ke kanta. Sau da yawa amsar ba ɗaya ba ce. Lasin tuƙi na yau da kullum ya isa wannan aikin.

Ranar karɓar kaya

Girman ƙwallo uku ne a Amurka: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Na farko da na biyu ido ba ya bambance su, karanta abin da aka buga a kai. Bakin tirela mai inci 2 zai zauna a kan ƙaramin ƙwallo kamar ya kama, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fita. Duba notin da ke ƙarƙashin ƙwallon ya ɗauru tam, ƙusar da ke riƙe sandar a rami tana nan da 'yar makullinta.

Ka sauke bakin tirela a kan ƙwallon har ya haɗiye shi gaba ɗaya, sannan ka kulle. Na U-Haul yawanci da wata 'yar dabaran hannu ake ɗaure shi: ka murɗa har ta ƙi, ka ɗan tura tirelar baya, ka sake murɗawa, za ka ga ta ƙara ci. Ka gwada. A doli, kama wuyan da hannu biyu ka ɗaga da ƙarfi. A tirela, juya jak ɗinta kamar za ka ɗaga wuyan: in ya kama, bayan motar gaba zai biyo shi sama. In ƙwallon ya fito, gara a nan da a kan hanya. Bayan nan ka naɗe jak ɗin har ƙarshe.

Sarƙoƙi biyu na tsaro a gicciye ake sa su a ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta tafi dama, ta dama ta tafi hagu. Hikimar ita ce in bakin ya kuɓuce, wuyan zai faɗa a kan gicciyen maimakon ya caki kwalta. A bar musu sassaucin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa. A jikin ƙarfen ja ake maƙala su, ba a bamba ba, ba kuma a jikin ƙwallon ba. Tirela mai birki tana da wata 'yar sarƙa ko waya ta uku, wadda ke fizgo birki in tirelar ta rabu da mota. Ita ma a jikin motar ake maƙala ta, daban da sauran.

Wayar fitilu mai baki huɗu ce: fara ita ce ke kama ƙarfen jiki, ruwan ƙasa ta fitilun dare, rawaya ta sigina da birkin hagu, koriya ta dama. Sa wani ya tsaya a baya, ka taka birki, ka kunna sigina ɗaya bayan ɗaya, ka kunna fitilun dare. In fitilu suna yin abin da ba a sa su ba, misali ka kunna siginar hagu duka su yi ta ƙyaftawa a raunane, farar wayar ce ba ta kama ƙarfe sosai ba, ko tsatsa ta cika bakin. In babu wuta sam, duba fiyus.

Kafin ka bar harabar, zagaya kayan. Auna iskar tayoyi da geji, adadin yana rubuce a jikin tirelar. Warware bel ɗin ɗaure taya ka duba: wanda ya fara tsagewa ko zarensa ya tashi, a canza maka. Ja ƙarafunan hawa ka ga suna fita suna kulluwa. Ɗauki hoton duk wata lanƙwasa ko tsaga. Tsaya daga nesa ka kalli tirelar: ta miƙe daidai da ƙasa, ba wuyanta a sama ba. In ƙwallon ya yi tsawo, akwai sanda mai saukowa ƙasa, ana sayar da ita a wurin.

Ɗora motar

Nemi fili a shimfiɗe, ba gangara, ba tsakuwa. Motar gaba da tirela su miƙe a layi ɗaya, giya a P, birkin hannu a ja, inji a kashe, in akwai weji a sa. Ba a taɓa hawa doli ko tirela ba tare da an ɗaura ta a jikin mota ba. Tayar gaba na taka ƙarfen hawa wuyan zai yi sama, tirelar ta gudu.

Kwashe kayan da ke cikin motar da za a ja. Mutane kan mayar da ita akwati, su cika but da kujerar baya da littattafai da tukwane. Duk wannan nauyin a bayan aksil, wato sandar da tayoyin tirela ko doli ke kanta, yake sauka, kuma shi ne babban abin da ke jawo lilo. Naɗe madubai, kashe ƙararrawar ɓarayi don kada girgiza ta sa ta yi ta kuka har batir ya mutu.

A doli: cire bel ɗin daga maɗauransu ka kwantar da su gefe, ja ƙarafunan hawa har ƙarshe. Daidaita motar a tsakiya, da gabanta za ta hau. Mai nuna maka hanya ya tsaya a gefe inda kake ganinsa, kada ya kuskura ya shiga tsakanin doli da motar gaba. Hau a hankali, ƙafa ɗaya kusa da birki, har tayoyin su faɗa mazauninsu su jingina da ƙarfen tsayawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji motar ta tsaya a kan tudun, a ƙara totur, ta yi tsalle ta haye ƙarfen tsayawar. Fito ka duba: tazarar da ke tsakanin jikin motar da madigadin doli ta zama daidai hagu da dama, kamar faɗin tafin hannu. In ta karkata, sauka ka sake. A kwana doli tana juyawa a ƙarƙashin motar, madigadin da ya matso zai lotsa ƙofa.

Sa giya a P, in manuwal ce a giya ta ɗaya, ja birkin hannu na ɗan lokaci. Matsar da maɗaurin ya zo daidai tsakiyar tayar. Ɗora bel ɗin a kan tayar kamar hula, ya zauna daidai ba murɗe ba, ka leƙa ta ciki ka tabbata bai hau kan tiyon birki ko wani ƙarfe mai kaifi ba. Zura bakinsa cikin tsagar maɗaurin ya wuce da aƙalla inci 6, sannan ka yi ta ɗaga hannun kana saukewa har ka ga bel ɗin ya ɗan nutse cikin robar tayar. Mayar da hannun ƙasa ya kullu. In ka zura ɗan kaɗan zai zame, in ka bar saƙo da yawa zai cika maɗaurin ya cije kafin ya ɗauru. Sarƙoƙin tsaro na motar a jikin ƙarfen shasi ake zagaya su, a bar ɗan sassauci, a nisanci tiyon birki da wayoyi da sandar sitiyari. Mayar da ƙarafunan hawa su kullu.

Yanzu abu biyu da ake mantawa. Na farko, sauke birkin hannu. Tayoyin baya ne ke birgima, kuma su birkin hannu ke riƙewa. Babbar motar kaya ba za ta ji komai ba, za ta ja ta haka har taya ta cinye ta fashe ko birki ya kama hayaƙi. Sababbin motoci masu birkin hannu na maɓalli, wasunsu da kansu suke jan shi da zarar an kashe inji. Littafin motar ya nuna yadda ake hana shi. Da ka tashi, yi tafiyar mita goma wani yana kallo ya tabbatar tayoyin baya biyu suna juyawa.

Na biyu, sitiyari. Dolin da farantinta, wato inda tayoyin gaban mota ke zama, ke juyawa, ita ke shan kwana, saboda haka sitiyari a kulle yake zama, tayoyi a miƙe. In motar ba ta da makullin sitiyari, kamar yawancin masu tashi da maɓalli, a ɗaure shi da bel. Dolin da farantinta ba ya motsi kuwa, sitiyarin motar ne ke ba da kwanar, a buɗe ake barinsa. Tambayi wace iri aka ba ka, ka karanta takardar da ke manne a jikinta.

A tirela tsarin kusan ɗaya ne, da 'yan bambance-bambance. A ta U-Haul madigadin gefen direba yana kwantawa in ka buɗe makullansa biyu, don ƙofa ta samu buɗuwa. Kwantar da shi kafin ka hau, in ba haka ba ta taga za ka fito, kuma ka tuna ka mayar da shi. Gaban motar, inda inji yake, shi ne a gaba, ka kai ta har ƙarfen tsayawa. Wanda ya ɗora mota da baya ya mayar da nauyin inji bayan aksil, wuyan tirela ya yi sauƙi, tun kafin mil 50 a awa za ta fara kaɗa wutsiya. Sarƙar tsaro gaba da baya. A nan birkin hannu a ja yake zama, tun da babu tayar da ke birgima. Mota mai ƙasa-ƙasa bambarta kan goge ƙarfen hawa: sa katako mai kauri a ƙarƙashin bakin ƙarafunan don hawan ya yi kwance. Motar da ba ta tashi kuwa, yawancin tirelolin haya ba su zuwa da abin jawo ta sama, sai ka tanadi na hannu mai waya da ƙugiya. Turawa da mutane a kan ƙarfen hawa hatsari ne, in ta dawo babu mai tare ta.

Babu mutum ko dabba a cikin motar da ake ja, ko da tafiyar mil ɗaya ce.

A kan hanya

Bel zai saki. Ba wai ka ɗaure shi da sakaci ba ne: taya tana motsawa ta gyara zama, zaren yana miƙewa, ruwan sama yana ƙara sassauta shi, sanyin dare yana rage iskar taya. Saboda haka ka tsaya bayan mil 5 na farko ka ƙara ɗaurewa, kusan kullum za ka samu ya ci danna biyu ko uku. Ka sake bayan mil 50, sannan duk inda ka tsaya shan mai ko sallah. Zagayen ɗaya ne kowane lokaci: bakin tirela, sarƙoƙi, wayar fitila, bel, tayoyi. Kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace tayar tirela. Ɗumi ba komai ba ne. In ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, ko kana jin ƙaurin giris, boris ne ke shirin ci ko birki ya riƙe. Kada ka ci gaba, kira lambar taimako da ke kan takardar haya.

U-Haul ya sa mil 55 a awa a matsayin iyakar gudu, kusan kilomita 88, a Kalifoniya ma doka ce ga duk motar da ke jan tirela. Zauna a layin dama ka bar masu sauri su wuce. Tazarar da ke tsakaninka da na gaba ta ninka ta kullum: in ya wuce wani allo, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa biyar kafin ka iso wurin. Da doli marar birki, birkin motar gaba ne kaɗai ke tsayar da motoci biyu.

Birkin tirela da kansa yake aiki. In ka rage gudu, tirelar tana turo wuyanta gaba, turin ne ke danna famfon birkinta. A gangara mai tsawo wannan yana nufin birkin zai yi ta kamawa yana zafi. Mai zuwa Atlanta daga Shikago zai haɗu da gangarar Monteagle a kan hanyar I-24, tsakanin Nashbil da Catanuga. Rage gudu tun kana kan tudu, sauko da giya, in motar tana da maɓallin jan tirela ka danna shi, ka bar inji ya riƙe nauyin. Birki a taka da ɗan ƙarfi a saki, a sake takawa a saki, ba a ɗora ƙafa a bar ta ba. A hawa kuma idonka na kan allurar zafi. In ta fara tashi, kashe na'urar sanyi, rage gudu, in ta ƙi sauka ka tsaya a gefe ka bar inji yana aiki, kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa.

Lilo shi ne abin tsoro. Yakan fara ne idan babbar tirela ta wuce ka, ko iska ta bugo daga gefe, ko a gangara da gudu. Za ka ji bayan motar yana kai wa hagu da dama, a madubi ka ga tirelar tana leƙowa nan da can. Ɗage ƙafa daga totur. Riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka yi ƙoƙarin bin lilon kana gyarawa, hannunka ba zai taɓa yin daidai da shi ba, ƙara shi za ka yi. Kada ka danne birki, kada kuma ka ƙara wuta da sunan miƙar da ita. Gudu na raguwa zai lafa. Sannan ka tsaya ka nemo dalili: mota ba ta kai gaba ba, kaya a but, taya ba iska, ko bel ya saki. Tirelar da ta yi lilo sau ɗaya za ta sake a daidai wannan gudun in ba a gyara komai ba.

Kwana a buɗe ake shan ta, domin tayoyin baya suna yanke hanya ta ciki, su hau dakalin gefen titi ko su goge famfon mai. Da doli a guji kwana mai tsanani da juyawa a tsakiyar titi.

Ribas da doli babu shi. Gaɓoɓi biyu ne ke lanƙwasa, ƙwallon da farantin, ba mai iya sarrafa su tare. Cikin mita biyu ko uku za ta naɗe, madigadi ya shige ƙofar motar ko wuyan ya lanƙwashe. Don haka kafin ka shiga ko'ina, nemo mafita da ido. Gidajen man da manyan motoci ke tsayawa sun fi, ana shiga ta nan a fita ta can, da yawansu kuma suna da sikelin da za ka auna nauyinka a kai da kuɗi kaɗan. In za ka kwana a otal, kira ka tambaya ko suna da filin doguwar mota. In ka riga ka shiga lungu, sauke motar, kwance doli, juya ta da hannu, sake ɗaurawa. Minti ashirin ne. Da tirela ana yin ribas: kama ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa nan bayanta zai nufa, a hankali, da mutum a gefe. A tolget kuwa da yawan aksil ake caji, ka sa ran biyan fiye da yadda ka saba.

Saukewa

Fili a shimfiɗe, layi a miƙe, tirela tana nan a ɗaure da motar gaba, birkin hannun motar gaba a ja. A doli, fara jan birkin hannun motar da aka ja kafin ka saki komai. Cire sarƙoƙin tsaro, su ake mantawa, sai a yi ribas a fizge wani abu a ƙarƙashi. Saki bel ka kwantar da su gefe, ja ƙarafunan hawa, kwance sitiyari in ka ɗaure shi. Taka birki sau biyu ko uku bayan ka tayar da inji ka ji ya cika, sannan ka sauko a hankali tayoyi a miƙe. In an kwance farfela, a mayar da ita a ɗaure notinta kafin a tuƙa. Naɗe bel a maɗauransu, rataye sarƙoƙi don kada su ja ƙasa a hanyar mayarwa. Tirela babu lodi tana tsalle a kan rami fiye da mai lodi, ka tafi da ita a hankali. A wurin mayarwa ka sake ɗaukar hoto ta kowane gefe, ka karɓi takardar da ke nuna ranar da lokacin da ka miƙa ta.